Yadda A Ke Aiki Da Kuloci Da Giya A Motar Kaya Da Tarakta

Daga kaka har zuwa ƙarshen rani, rabin aikin manomi a kan hanya ya ke. Hatsi yana jiran a kai shi Dawanau, albasar Aliero tana jiran motar Kudu, tumatirin Kadawa kuwa ba ya jiran kowa, in ya yi kwana biyu cikin kwando a rana sai ya zama ruwa. Manoma da 'yan kasuwa da yawa suna da motar kansu, akori-kura ko babbar mota. Waɗansu sun haɗa kuɗi cikin ƙungiyar gama kai sun sayi tarakta. Akawuna da malaman ofis su ma da dama sun mallaki ƙananan motoci, da su su ke zuwa duba gonakinsu ran hutu.

Cikin abubuwan da su ke tsai da mota a daji da lodi a kanta, ƙonewar kuloci yana cikin na gaba. Gyaransa kuwa da wuya ya yiwu a bakin hanya, gama sai an sauke giyabos ɗungum kafin a kai ga faifan da ya ƙone. In tarakta ce, sai an raba ta gida biyu, inji gefe guda, gindi gefe guda. Kuɗin kaya daban, ladan makaniki daban, ga hasarar kwanaki, ga amfanin gona yana lalacewa. Kulocin da ya sami direban kirki ya kan yi kilomita 100,000 ko fiye. Wanda ya faɗa hannun mai wasa da ƙafa, ba wuya ya ƙare cikin kaka ɗaya. Saboda haka ya kamata mai mota ya san wannan aiki ko da ba shi ne ke tuƙi ba, domin shi ne mai biya.

YADDA KULOCI YA KE

A ƙarƙashin sitiyari akwai abubuwan takawa guda uku. Na hagu shi ne kuloci, na tsakiya birki, na dama totur. Ƙafar hagu ba ta da wani aiki sai kuloci, ƙafar dama ita ke kai da kawowa tsakanin birki da totur. Ko a motocin da, masu sitiyari a dama, irin waɗanda a ke shigowa da su kafin Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a 1972, haka jerin ya ke.

A bayan inji akwai wani faifan ƙarfe mai nauyi wanda ke juyawa muddin inji yana aiki. A jikinsa faifan kuloci ya ke kwanciya. Shi wannan faifai an lulluɓe shi gaba da baya da wani abu mai kaushi irin na takalmin birki, an kafe da ƙusoshi, tsakiyarsa kuma tana zaune a kan sandar da ta shiga cikin giyabos. Daga bayansa sai wani faranti mai sifirin mai ƙarfi, shi ke danne faifan kuloci a jikin faifan inji.

In ƙafar direba ba ta kan kuloci, farantin nan ya danne ke nan, duka ukun suna juyawa tare kamar abu ɗaya, ƙarfin inji yana wucewa zuwa tayoyi, ba abin da ke gogar wani. In ya taka har ƙasa, sai wani ɗan boris ya tura sifirin ɗin, faranti ya ja da baya, faifai ya saku. Inji yana juyawa abinsa, giyabos ta huta, a nan ma faifai ba ya cinyewa. Ɓarna tana tsakanin waɗannan biyu, watau lokacin da ƙafa ta ke rabi da rabi, faifai bai kama sosai ba, bai kuma saku ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin injin niƙa ya ga yadda bel ya ke yi in ya yi sako-sako: yana sulɓi, yana zafi, yana warin ƙuna, niƙa kuwa ba ta tafiya. Haka faifan kuloci ya ke yi. Ana bukatar wannan sulɓi na 'yan daƙiƙu kaɗan wajen tayar da mota daga tsaye. Duk abin da ya wuce haka daga ran faifai a ke ɗiba.

ABIN DA GIYA KE YI

Mutumin da ya ɗauki buhu zai hau tudu ba ya yin dogon taki. Gajeren taki ya ke yi, a hankali, da ƙarfi. In ya sauke kaya ya kama miƙaƙƙiyar hanya, sa'an nan ya buɗe ƙafa. Giya ita ce takin mota. Lamba ɗaya gajeren taki ce, ƙarfi da yawa, gudu kaɗan. Lamba huɗu da biyar dogon taki ne, gudu da yawa, ƙarfi kaɗan.

Ga lissafin. A yawancin akori-kura, in tana lamba ɗaya, inji ya kan juya wajen sau 15 kafin taya ta juya sau ɗaya. A lamba huɗu kuwa wajen sau 4 kawai. Wannan shi ne dalilin da ya sa lamba ɗaya ta ke iya ɗaga mota da lodinta daga tsaye, lamba huɗu kuwa in an gwada tashi da ita sai inji ya mutu. In sandar giya tana tsakiya, ba ta cikin kowace lamba, direbobi su kan ce mota tana firi.

TASHI DAGA TSAYE

Kafin a tayar da inji, direba ya tabbata birkin hannu yana jaye, ya girgiza sandar giya ya ji tana firi, ya taka kuloci har ƙasa, sa'an nan ya murɗa makulli. Taka kuloci a nan yana rage wa batir wahala, musamman da safiyar hunturu lokacin da man giya ya yi kauri. In kuma an yi mantuwa an bar mota cikin giya, ba za ta zabura ta buge wanda ke gabanta ba.

Ya gyara kujera yadda ƙafarsa za ta kai kuloci har ƙasa ba tare da ya yi miƙa ba. Wanda ƙafarsa ba ta kai wa ƙasa, kullum giyarsa tana cikin kartar haƙora.

In inji ya daidaita, sai ya taka kuloci har ƙasa, ya sa lamba ɗaya. Ya ɗan taɓa totur kaɗan, yadda muryar inji za ta ɗaga ba tare da ta zama ihu ba. Sa'an nan ya riƙa ɗaga ƙafar hagu sannu sannu. Zai kai wani wuri inda muryar inji za ta ɗan yi ƙasa, mota ta ɗan motsa kamar jakin da ya ji an kwance masa dabaibayi. Nan ne faifai ya fara kamawa. Ya tsai da ƙafa a nan ɗan ƙanƙanen lokaci, ya sauke birkin hannu, mota ta fara mirginawa, ya ƙara totur kaɗan, ya ƙarasa ɗaga ƙafa. Da mota ta tashi, sai ya ɗauke ƙafar hagu gaba ɗaya ya ajiye ta a ƙasa gefen kuloci.

Kuskure iri biyu ne a ke yi a nan. Mai koyo ya kan saki kuloci farat ɗaya, mota ta yi tsalle inji ya mutu. Wannan abin kunya ne kawai, ɓarnarsa kaɗan ce. Na biyu ya fi tsada, shi ne na wanda ya ke tsoron kada inji ya mutu, sai ya cika totur har inji yana kururuwa, yana sakin kuloci kaɗan kaɗan har tsawon tafiya. Mota ta tashi lafiya, amma faifai ya sha wuta.

Motar da ke da lodi da lamba ɗaya a ke tayar da ita, ko da ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce. Waɗansu manyan motoci lamba ɗayarsu ta rarrafe ce, in ba kaya a kan iya tashi da lamba biyu. Amma da an ɗora buhuna, a koma lamba ɗaya. Direban da ke tayar da lodi da lamba biyu don ƙyuyar canji ɗaya, aikin da giya za ta yi ne ya ɗora wa kuloci.

ƘARA GIYA DA RAGE TA

Da mota ta yi tafiyar tsawonta biyu ko uku, lamba ɗaya ta gama aikinta. Direba ya ɗaga ƙafa daga totur, a lokaci guda ya taka kuloci har ƙasa, ya zare sanda zuwa firi, ya ɗan dakata kamar ƙiftawar ido, ya shigar da ita lamba biyu, ya saki kuloci da laushi yana mayar da ƙafar dama kan totur. Takawa da sauri a ke yi, saki kuwa da natsuwa. Haka zai yi ta yi har lamba ta ƙarshe.

A ƙaramar mota marar kaya, a kan bar lamba ɗaya wajen gudun kilomita 15 zuwa 20 a sa'a, lamba biyu wajen 30, lamba uku wajen 45 zuwa 50, lamba huɗu wajen 65 zuwa 70. In motar tana da agogon da ke nuna juyin inji, mai fetur ta kan so canji tsakanin juyi 2,000 da 3,000 a minti, mai dizal kuwa ƙasa da haka, tsakanin 1,500 da 2,500. In akwai lodi ko hawa, sai a bar kowace giya ta ɗan ƙara ja kafin a canja. Amma kunne ya fi agogo. In inji yana kuka da siririyar murya, yana neman babbar giya. In yana kakari, mota tana karkarwa, an taka totur ba ta amsawa, giyar ta yi masa yawa, a rage.

Wajen ragewa, watau daga huɗu zuwa uku ko daga uku zuwa biyu, sai a fara rage gudu da birki har ya dace da giyar da za a shiga. Sa'an nan a taka kuloci, a canja, a ɗan taɓa totur don inji ya ɗaga, a saki kuloci a hankali. In aka jefa mota cikin ƙaramar giya tana tsananin gudu, inji zai juya fiye da ƙarfinsa, yana iya lalacewa nan take, tayoyi kuma suna iya sulɓewa in ƙasa da santsi. Kwana ma kafin a shige ta a ke rage giya, domin a zagaya da ƙafa a kan totur, hannu biyu a kan sitiyari.

Sandar giya ba ta son dambe. A cikin giyabos akwai waɗansu zobba na tagulla waɗanda aikinsu shi ne su daidaita gudun haƙoran giya kafin su haɗu. Kamfanin Cadillac na Amurka shi ya fara sa wannan dabara a motocinsa a 1928, yanzu kuwa ta game ƙananan motoci duka. Zoben yana bukatar ɗan lokaci kaɗan ya yi aikinsa. Wanda ya ke fizgar sanda da ƙarfi, zoben ya ke cinyewa, in ya cinye kuwa giya ta dinga ƙara ke nan duk sa'ad da za a shige ta. Haka kuma kada a mai da sandar giya abin ɗora hannu, gama nauyin hannu yana sa cokulan da ke tura giya su riƙa goga.

Ribas a motoci da yawa ba ta da wannan zobe. Sai mota ta tsaya cik, a taka kuloci, a jira daƙiƙa biyu ko uku, sa'an nan a sa. In ta ƙi shiga, a mayar firi, a saki kuloci, a sake takawa, za ta shiga.

TAKI BIYU

Tsofaffin motoci ba kowace giya ce ke da zobe ba. Land Rover, wadda malaman gona su ka daɗe suna shiga ƙauyuka da ita, lamba ɗaya da lamba biyunta ba su da shi, sai a samfurin da ya fito a 1971 a ka sa wa giyoyin gaba duka. Waɗansu manyan motocin ɗaukar kaya har yanzu ba su da shi. Irin waɗannan taki biyu a ke yi musu, direba da kansa ya ke daidaita gudun haƙora.

In za a ƙara giya: a taka kuloci, a zare zuwa firi, a saki kuloci, a ɗan jira inji ya lafa, a sake takawa, a sa giyar gaba, a saki. In za a rage: a taka, a zare zuwa firi, a saki kuloci, a ba totur wuta sau ɗaya, a sake takawa da sauri, a sa ƙaramar giya, a saki. Ko a motar zamani wadda zobenta ya tsufa, taki biyu ya kan sa giya ta shiga shiru har a kai ga gareji.

HAWA

Tun daga gindin tudu direba ya ke zaɓen giya. Kada ya jira sai mota ta ƙare numfashi a tsakiyar hawa, domin a lokacin canji ba ƙarfin inji a tayoyi, mota mai nauyi kuwa nan da nan ta ke tsayawa, har ta fara komowa da baya. In ya ga gudu yana raguwa, ya rage giya da wuri tun da sauran ƙarfi.

In tsayawa ta kama a kan hawa, a gaban shingen 'yan sanda ko cikin cunkoso, birki ne mai riƙe mota. Waɗansu su kan riƙe ta da rabin kuloci da totur, tana lilo ba gaba ba baya, suna ganin gwaninta ce. Ba abin da ke ƙona faifai da sauri kamar wannan. Minti ɗaya na irin wannan riƙo da lodi ya isa a ji wari. A ja birkin hannu, a mayar firi, a ɗauke ƙafa. In lokacin tashi ya yi, a sa lamba ɗaya, a ba totur fiye da na shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, a ɗaga kuloci har a ji mota tana jan birki, sa'an nan a sauke birkin hannu. A babbar mota yaron mota ya sa weji a bayan taya, amma ya tsaya daga gefe, kada ya kuskura ya shiga bayan motar.

GANGARA

A nan ne kuskure ya ke wuce hasarar kuɗi ya kai ga rai. Ƙa'idar tsofaffin direbobi ita ce, giyar da mota za ta hau tudu da ita, da ita za ta sauka. A kan sa ta tun daga sama, kafin mota ta ɗauki gudu, a ɗauke ƙafa daga kuloci da totur, inji da kansa ya riƙa riƙe mota, birki yana taimako jefi jefi. Masu saukowa da dankalin Turawa daga Bokkos da Mangu ta Hawan Kibo, da masu saukowa daga tsaunin Mambila, sun san gangarar da ba ta ƙarewa da wuri. In birki shi kaɗai a ka bar wa nauyin lodi a irin wannan wuri, zai yi zafi har ya daina kamawa, man birki ma yana iya tafasa, a taka a ji ƙafa ta nutse ba kome. A lokacin kuwa mota ta riga ta yi gudun da ƙaramar giya ba za ta shiga ba.

Waɗansu direbobi su kan sa firi a gangara, ko su danne kuloci, wai don su rage shan mai. Garin neman ƙiba ne a ke samo rama. Motocin zamani, in suna cikin giya a ka ɗaga ƙafa daga totur a gangara, da kansu su ke yanke mai, a firi kuwa dole inji ya ci gaba da sha don kada ya mutu. A babbar mota mai birkin iska, inji ne ke juya famfon da ke tara iskar, in yana tafiya a hankali iska ba ta taruwa da sauri, ga birki ana ta takawa. Danne kuloci mota tana cikin ƙaramar giya tana gangarawa shi ma yana da nasa haɗari: tayoyi za su juya faifai da gudun da ya fi ƙarfinsa har ya tarwatse. Mafi muni shi ne kashe inji ɗungum, gama birki da sitiyarin motoci da yawa daga inji su ke samun taimako, makulli kuma in ya koma baya yana iya kulle sitiyari.

TAƁO DA RAIRAYI DA RUWA

Hanyar gona ba kwalta ba ce. In za a shiga rairayi ko taɓo, a zaɓi giya tun daga waje, yawanci lamba biyu, a shiga da gudu madaidaici, kada a canja a tsakiya, domin da an taka kuloci mota za ta tsaya ta nutse. In ta kafe, cika totur da wasa da kuloci ba su fid da ita, sai dai taya ta ƙara haƙa rami, faifai ya ƙone. A tsaya, a haƙe gaban tayoyi, a shimfiɗa rassa ko karare, in ya kama a sauke rabin lodi. Sauke buhu ashirin da sake ɗora su ya fi kwana a daji sauƙi. Motar da ke ja da tayoyi huɗu, a sa mata ƙaramar giyarta ta ƙarfi kafin a shiga.

Wajen ƙetare rafi a sa lamba ɗaya, a riƙe totur daidai, kada a taɓa kuloci cikin ruwa, gama in faifai ya buɗe ruwa da laka su kan shiga tsakani. In an fita a gwada birki sau biyu ko uku kafin a ɗauki gudu.

TARAKTA

Tarakta da yawa ba a canja musu giya suna tafiya. Direba ya tsaya, ya zaɓi giyar da ta dace da aiki, ya tashi da ita kai tsaye. Waɗansu, kamar Massey Ferguson 135 da a ka fara ƙerawa a 1964, kulocinsu hawa biyu ne. In an taka rabi, tayoyi sun tsaya amma sandar baya mai juya injin sussuka ko na yankan ciyawa tana nan tana aiki. In an ƙarasa takawa har ƙasa, ita ma ta tsaya. Ya wajaba sabon direba ya san wannan kafin wani ya kai hannu kusa da sandar nan, kuma in za a taɓa ta a kashe inji tukuna.

In garma ta yi nauyi, inji yana kakari, a rage giya ko a ɗan ɗaga garma. Kada a riƙa taimakon inji da rabin kuloci, gama tarakta yini ta ke yi tana ja. In za a ja kututture ko motar da ta kafe, a ɗaura sarƙa a ƙarfen ja na ƙasa, a saki kuloci a hankali. In an ɗaura a sama da gatarin tayoyin baya, a ka kuma saki kuloci farat ɗaya, gaban tarakta ya kan ɗaga ta kife da baya a kan direba cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Haka nan kada a tayar da tarakta daga ƙasa ta hanyar haɗa waya a jikin sitata. In tana cikin giya, tayar baya za ta bi ta kan mai tayarwa. Daga kan kujera a ke tayar da ita, giya tana firi.

ALAMUN KULOCI YA GAJI

Kuloci ya kan yi gargaɗi kafin ya mutu. In an taka totur a lamba huɗu, inji ya ɗaga murya amma gudu bai ƙaru ba, faifai yana sulɓi. Ana iya gwadawa a fili inda ba kowa: a ja birkin hannu sosai, a sa lamba uku, a saki kuloci a hankali da ɗan totur. Lafiyayyen kuloci zai kashe inji nan da nan. In inji ya ci gaba da aiki, faifai ya ƙare. Kada a yawaita wannan gwaji, shi ma yana ci.

In giya tana ƙin shiga ko tana ƙara alhali an taka har ƙasa, faifai ba ya sakuwa sosai. A duba waya ko sandar da ke jan kuloci, in kuwa mai aiki da mai ne, a duba kwalbarsa, yawanci man birki a ke zuba masa. In mota tana karkarwa wajen tashi, watakila baƙin mai ne ya yoyo ya jiƙa faifai, sai an toshe yoyon kafin a sa sabo. In ana jin ƙugi sa'ad da a ka taka, ya ɓace in an saki, boris ne.

Kulocin waya ko na sanda yana bukatar ɗan sako-sako a sama, kamar faɗin yatsa ɗaya ko biyu kafin ƙafa ta ji nauyi. Littafin kowace mota ya faɗi nata awo. Yayin da faifai ya ke cinyewa wannan sako-sako ya kan ragu, in ya ƙare boris zai riƙa danna sifirin dare da rana, kamar an ɗora ƙafa ke nan. Gyaransa aikin 'yan mintoci ne da sifana. In an sauke giyabos kuwa, a canja faifai da faranti da boris gaba ɗaya, domin kada a biya ladan saukewa sau biyu. Ƙurar da ke cikin kaskon kuloci kada a hure ta da baki ko da iska, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, gama waɗansu faifai, musamman na da, da asbestos a ka yi su, ƙurarsa tana ɓata huhu.

GA MAI MOTA

Wanda zai ɗauki direba ya zauna gefensa tafiya guda, ya bar duban hanya ya dubi ƙafarsa ta hagu. In tana sauka ƙasa bayan kowane canji, in yana mayar da firi ya saki kuloci sa'ad da tsayawa ta yi tsawo, in yana rage giya tun daga saman gangara, to, an sami direba. In kuwa ƙafar tana kwance a kan kuloci ana tafiya, a gaya masa tun ranar, in bai bari ba a nemi wani. Mai koyo, ɗa ne ko ƙane, a kai shi fili da mota ba kaya, ya yi ta tayar da ita da lamba ɗaya ba tare da taɓa totur ba, har ƙafarsa ta gane inda faifai ya ke kamawa. Kada a ba shi lodi ko babbar hanya sai ya sami lasin. A kuma kai mota gareji a duba kuloci da birki tun amfani yana gona, gama ba a fafe gora ranar tafiya.